Abubuwan kallo na gefen hanya: ina namu suke, kuma ta ina ake shigar musu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, ina da mata da yara uku da 'yar motata. Ina yawan ganin bidiyon Turawa a YouTube suna tafiya a mota suna tsayawa kallon abubuwan mamaki a gefen titi, irin wasu motoci da aka binne kawunansu a ƙasa a Amurka. Mu kuwa mun sha zuwa Bauchi da Katsina, ba mu taɓa tsayawa ba sai shan mai da salla. Shin mu ba mu da irin waɗannan wurare ne? In akwai, yaya zan same su, kuma zan iya zuwa da iyali a wannan zamani?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: ko muna da su, yadda ake gano su, da ko hanya za ta bar ka ka kai yara. Na koyar da tarihi a sakandare shekaru masu yawa, kuma duk shekara ni ake ɗora wa fita da ɗalibai rangadin gani da ido, don haka abin da zan faɗa maka daga abin da ƙafata ta taka ne da wanda na karanta. Muna da su, da yawa ma. Abin da ya sa ba ka gan su ba shi ne ba a yi su don mai wucewa ya gani ba.

Dalilin da ya sa nasu ke kiran mutum, namu suke ɓuya

Motocin da ka gani guda goma ne ƙirar Cadillac, an kafa su a 1974 kusa da garin Amarillo a jihar Texas. Wannan dai aikin masu zane ne da wani attajiri ya ɗauki nauyi, amma galibin irin waɗannan abubuwa a Amurka 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro su. Da aka buɗe manyan tituna irin Route 66 a 1926, mai gidan mai da mai gidan abinci suka lura cewa matafiyi ba zai taka birki ba sai ya ga abin da ya ɗauki hankalinsa, sai wannan ya gina ƙaton mutum-mutumi, wancan ya kafa alluna tun daga nesa. Titi ya riga zuwa, abin kallo ya biyo shi.

A wurinmu abin kallon ya girmi titi da ɗaruruwan shekaru. Hanyoyin mota da layin dogo an shata su ne a zamanin Turawa don kwasar gyaɗa da auduga da fatu da haɗa hedikwatocin lardi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka miƙa layi zuwa Nguru a 1930, kuma mai shatar hanyar bai damu da inda tsohon birni yake ba. Garuruwa da yawa sun sauko daga gindin dutse sun koma bakin kwalta saboda kasuwa, suka bar kufai a baya. Shi ya sa abin da kake nema yakan kasance kilomita biyu ko biyar daga inda kake shan mai, a bayan gonar dawa, ba allo, ba mai sayar da tikiti. Sannan kusan kowane ɗaya yana da masu shi: gidan sarauta, ko zuriyar da ke gadinsa, ko manomin da gonarsa ta kewaye shi.

Abu na farko da nake koya wa ɗalibai shi ne karanta sunayen garuruwa a allunan hanya, domin Bahaushe ba ya raɗa wa wuri suna a banza. Duk inda ka ga Birni, an taɓa yin ganuwa, ka tambayi inda ragowarta take. Kafi, kamar Kafin Hausa da Kafin Madaki, gari ne da aka kewaye da shingen itace saboda yaƙi. Zango masaukin fatake ne, don haka akwai tsohuwar rijiya ko tsamiya da ayari ke sauka. In ka hango kukoki sun taru a fili babu gida kusa, to mutane sun taɓa zama a wurin, kuma in ka taka za ka ga fasassun tukwane a ƙasa, wani lokaci har da ramukan marina da suka cike.

Hanyar Bauchi, wadda ka ce ka sha bi

Da wannan zan so ka fara, don ita ta fi arziki ga mai fitowa daga Kano. In ka haye gadar Wudil ka wuce Kwanar Huguma, za ka iso Birnin Kudu, tafiyar kusan kilomita 130. A cikin duwatsun da ke gefen garin akwai zanen shanu a jikin dutse a wurare irin Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Mutanen garin sun san da su tun kaka da kakanni, amma Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, shi ya sanar da duniya labarinsu a shekarun 1950.

Kada ka sa ran ganin wani ƙaton abu. Zanen ƙanana ne, jajaye galibi, wasu sun dushe har sai mai nuna maka ya bi layin da yatsa a iska kafin idonka ya kama. Amma ka sa yaranka su nemi tozo a jikin shanun. Ba za su samu ba. Shanun da muka sani yau, bunaji da rahaji da bokoloji, duk masu tozo ne. Waɗanda aka zana kuwa marasa tozo ne, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajeru irin na muturu, ƙananan shanun nan marasa tozo. Wato wanda ya yi zanen ya rayu ne lokacin da shanun ƙasar ba irin namu ba ne. Na ga yaron da ba ya buɗe baki a aji ya tsaya gaban wannan dutse yana jero tambaya, su waye, ina suka tafi, da me suka haɗa jan launin da ya ƙi gogewa. Darasin da na yi wata guda ina fama da shi a allo, dutsen ya koyar da shi kafin azahar.

A nan kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin sautinsa. Za ka ga 'yan ramuka masu santsi a jikinsu inda hannaye suka daɗe suna bugu. Fagg ya rubuta cewa wasu daga cikin wuraren suna da alaƙa da al'adun aure na garin. Yara suna son wannan fiye da zanen, kuma ba laifi su buga, muddin a inda aka saba bugawa ne.

Roƙo ɗaya nake yi maka. Kada kowa ya taɓa zanen, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada a rubuta suna da gawayi ko fenti. Na sha ganin sunayen samari da lambar shekara a kan duwatsun tarihi, kuma duk lokacin da na gani raina yana ɓaci, domin abin da ya jure rana da damina na ƙarnuka yana iya lalacewa a hannun baƙon yini ɗaya.

Daga Birnin Kudu hanyar ta bi ta Ningi, kuma kafin ka shiga Bauchi da kusan kilomita 45 akwai Kafin Madaki. Yawancin direbobi ba su san cewa gidan Madaki da ke garin aikin Muhammadu Durugu ne ba, Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. An gina shi wajen 1860. Ka shiga soron ka ɗaga kai ka ga yadda aka lanƙwasa azara cikin ƙasa aka yi bakan gizo, ba siminti ba rodi, ga sanyi ko da rana ta take. Wanda ya saba raina ginin ƙasa yakan fito daga nan da wani tunani. Gida ne na sarauta mai mutane a ciki, don haka sai da izini.

A Bauchi kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, sananne ne, amma da wuya ka samu cunkoso. An tsara ginin yadda za ka bi ta duhu kafin ka fito fili mai haske inda kabarin yake. In za ka zarce Jos, a Panshanu akwai tsibin duwatsu da ake kira Kwandon Kaya, wanda labarin baka ke haɗa shi da yaƙe-yaƙen Yakubun Bauchi. Tsayuwar minti goma ce.

Daura da Katsina

Rijiyar Kusugu ba sai na ba ka labarinta ba, kowane ɗan firamare ya san Bayajidda da maciji da Daurama. Tana cikin gari, an kewaye ta da gini, ana ɗebo ruwan a ba baƙo. Hasumiyar Gobarau a Katsina ma haka, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15 da ake danganta shi da zamanin Muhammadu Korau. Ka haɗa da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce.

Wanda mutane ba sa zuwa shi ne Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani, gabas da Katsina. Tuddai ne na ƙasa, kaburburan sarakunan da labarin Katsina ke kira Durɓawa, zuriyar da ta faro daga Kumayau ta ƙare da Sanau wanda Korau ya kayar.  Richmond Palmer, wani jami'in mulkin Turawa, ya haƙa wurin a 1907, sannan a 1992 aka sake haƙa tare da masana daga Jamus. An samu 'yan kunne da zobba na zinariya, awarwaron hauren giwa, wuri, duwatsun ado, da tasoshin tagulla da suka fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, kayan da shekarunsu suka kama daga wajen ƙarni na 13 zuwa na 16. Ka ga ke nan tun wancan lokaci kayan nesa suna ratso Sahara suna isowa nan.

Sai dai in faɗa maka gaskiya tun kafin ka ƙona mai: kayan ba sa wurin, an kwashe su zuwa hannun hukumar gidajen tarihi. Tudu za ka gani da ciyawa da iska. Haka yake a Dufuna ta jihar Yobe, inda wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8.4 wanda ya kai shekara 8,000, yanzu yana Damaturu. Irin waɗannan wurare sai ka tafi da labarin a kanka, ka ba yara tun a mota, in ba haka ba za su tambaye ka abin da ya kawo ku. Shi ya sa nake ba da shawara a fara da inda ido ke samun abinci, kamar Birnin Kudu, a bar irin su Durɓi sai yara sun fara ɗanɗana daɗin abin.

In ka ƙetara Nijar

Wurare biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko masallacin Yama a jihar Tawa, in ka bar Ƙonni ka nufi arewa. Wani magini kuma manomi na garin, Falke Barmu, ya fara shi a 1962 da ƙasa da itace, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali da abinci. Daga 1975 ya sake rufin, ya ɗora ƙubba, ya tayar da hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Abin da ke burge ni shi ne wannan ba aikin mutanen da can ba ne. A zamanin iyayenmu aka yi shi, a ƙauye, da ilimin da maginanmu suka gada, a daidai lokacin da birane ke rushe ginin ƙasa suna zuba bulo.

Na biyu ba wurin murna ba ne. A Maijirgi, kan babban titi tsakanin Tasawa da Damagaram, akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙona garuruwa suna kashe mutane, daga Lugu inda Sarauniya Mangu ta tare su har Birnin Ƙonni. Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, bayan kwana biyu zuwa uku kuma sojojinsu baƙaƙe suka juya musu suka kashe su. Motoci na wucewa ta wurin dare da rana. Na tsaya na daɗe a tsaye, domin dattawan yankin suna ba da labarin kamar bara aka yi, da sunayen garuruwan da aka ƙone.

Tun juyin mulkin 2023 al'amarin iyaka yake canzawa, kuma ni rabona da ƙetarawa tun kafin nan. Kafin ka ɗaura niyya ka je tashar da motocin Maraɗi ko Damagaram ke lodi ka ji halin da ake ciki a makon, da takardun da ake nema na mutum da na mota.

Yadda ake shiga

A nan ne yawancin baƙi ke ɓata tafiyarsu. Shekarun baya na kai ɗalibai wani gari mai dutse, na ga lokaci ya ƙure, sai na ce direba ya wuce kai tsaye gindin dutsen ba mu biya ta ƙofar mai gari ba. Ba mu yi nisa da hawa ba samari suka tare mu, ransu a ɓace. Ashe gefen da muka bi maƙabarta ce, ga ɗalibaina suna tattaka kaburburan iyayen mutane. Laifina ne, na sauko na je na ba da haƙuri. Mai garin ya karɓe mu, ya haɗa mu da wani dattijo, kuma dattijon ya nuna mana kogo da tsohuwar maƙera da ba za mu taɓa gani da kanmu ba. Tun daga ranar ban sake shiga wuri ta bayan gida ba.

Don haka in ka isa, ka tambayi ƙofar dagaci ko mai unguwa. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka, ka riƙe ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa. Uwargida ta shiga cikin gida ta gaisa da mata, sau da yawa ma ita za ta fito da labarin da ba za a ba ka a zaure ba. Za a haɗa ka da wanda zai raka ka, kuma shi ka ba shi tukuici mai mutunci, ka tuna ya bar gonarsa ko sana'arsa ne. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum ko cikin gida, kuma kada ka ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro, ko gada, ko bariki. Wuraren da ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suna da ma'aikaci, kuma tun kana Kano za ka iya shiga Gidan Makama ka tambayi wanda za ka nema a can.

Za a ba ka labarai iri-iri: aljanin da ke gadin dutse, rijiyar da ba ta ƙafewa, sawun doki a kan fa. Kada ka yi gardama da mai ba ka, ba muhawara ta kawo ka ba, kuma labarin kansa tarihi ne na yadda mutanen wurin suke kallon ƙasarsu. A mota ka rarrabe wa yara: wannan mun gani da idonmu, wannan masu haƙa ƙasa suka tabbatar, wannan kuma abin da kakanni suka faɗa ne. Wasu iyaye kan ji tsoron kada ziyarar irin waɗannan wurare ta taɓa aƙida. Mu dai kallo da lura muke zuwa yi, ba neman tabarruki ko biyan bukata ba, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: an girbe gonaki, ciyawa ta kwanta, hanyar burji ta bushe, zafi da sauƙi, ko da yake hazo kan ɓata hoto. Da damina dutse yana santsi, maciji kuma yana cikin ciyawa. Ku sa takalmi mai rufi, ku riƙe ruwa fiye da yadda kuke zato. Kada kowa ya fesa turare ranar hawan dutse, saboda ƙudan zuma na yin gida a kogo, kuma hayaniyar yara na tayar da su.

Batun tsaro

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wuraren da nake ƙauna da ba zan tura ka da iyali ba a yanzu. Dutsen Kwatarkwashi a Zamfara, kufan Alƙalawa babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ganuwar Surame ta Kanta, duk suna cikin yankunan da 'yan bindiga suka addaba. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin a farfaɗo da su zuwa ɗaruruwa, a nan aka kashe mutum takwas ranar 9 ga Agustan 2020. Ko a jihar Katsina, gabas daban, yamma da kudu daban. Kuma lafiyar hanya a bara ba ta nuna lafiyarta a bana, don haka maganata ba ta kai ta direban haya da ya bi hanyar jiya ba. Shi za ka tambaya, da wani ɗan garin da za ka kira kafin ka tashi. Ka fita bayan gari ya waye, ka dawo kan kwalta kafin la'asar sakaliya, kada ka sanar a Facebook inda za ka sai ka dawo, kuma in mai gari ya ce kada a hau yau, ka juya ba tare da neman dalili ba.

In ni ne kai, ranar Asabar zan zaɓa, tunda Juma'a kasuwar Wudil ke ci kuma hanya na cushewa. Ku bar Kano da ƙarfe bakwai, wajen tara da rabi kuna Birnin Kudu, ku gaisa da masu gari, ku ga zanen da duwatsu masu amo kafin rana ta yi zafi, ku yi azahar ku ci abinci a garin, ku juyo. Wuri ɗaya ya isa a fitar farko. Ka saya wa kowane yaro ƙaramin littafi da fensir, ka ce ya zana saniyar da ya gani a jikin dutse, ya rubuta sunan dutsen da ranar a ƙasa.